Gwaggonmu Mai Garafuni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinta na gidanmu da ke Ƙofar Gayan, bayan azahar aka kai ta makwancinta. Babu wanda ya san adadin shekarunta, har ita kanta. In an tambaye ta sai ta ce, "Ku tambayi Auta nasa, ku ƙara goma sha ɗaya." Autan nan kuwa Babanmu ne, dattijo mai furfura da jikoki, wanda duk unguwa ke ce wa Alhaji. Ita kaɗai ce a duniya take kiransa Auta, kuma ko a gaban baƙi ta kira sai ya amsa.

Kwana ukun da muka yi muna karɓar gaisuwa, na lura baƙin fuska sun fi dangi yawa. Tsakar gida ta cika, tabarminmu suka ƙare, aka aro na maƙwabta. Wata mata mai sayar da kayan miya, wadda ban taɓa gani ba, ta gama addu'a ta share hawaye, sannan ta ce, "Ni fa ranar da na fara zuwa wurinta korata ta yi. Na ce mata fitsari ya dame ni, ƙishirwa ba ta barina, ta taimaka mini da magani. Ta ce in je asibiti a gwada jinina tukuna, ita ba ta ba da magani a makance. Na fita ina zaginta a zuci, Allah Ya yafe mini."

Mata suka yi dariya cikin kuka. Wata daga gefe ta ce, "Ke ai kin samu da sauƙi. Ni a gidan biki ta ƙwace kwalbar lemo daga hannuna, a gaban surukaina."

Rana ta biyu wata tsohuwa ta yi sallama da 'yar jarkar karɓar magani a hannu. Daga wani ƙauye take can bayan ganuwa, labari bai kai mata ba. Ta ga taron mata ta ja ta tsaya, ta dubi ɗakin Gwaggo. Aka gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta ɗora jarkar a cinya, har aka kira la'asar. A rana ta uku kuma wata babbar likita ta zo, ta cire takalmi ta zauna a ƙasa cikinmu. Aka jawo mata kujera, ta ce, "A'a, a nan na saba zama in na zo wurin Hajiya." Zan zo kan yadda suka haɗu.

Yaran gidanmu na yanzu sun san Gwaggo ne a matsayin tsohuwar nan mai faɗa, mai ba mutane ruwan ɗaci. Shi ya sa na zauna rubuta wannan tun mantuwa ba ta cinye abin da na sani ba.

Ni 'yar riƙonta ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, da aka yaye ni Baba ya ba ta ni, na tashi a ɗakinta a gidan mijinta can cikin birni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, "Uwata" take ce mini. A lokacin babu ruwanta da ganye. Sana'arta kayan gara ce: alkaki, nakiya, dubulan. In auren 'yar wani gida ya matso, tun da saura wata guda ake kawo mata aiki. Har yau in na ji ƙamshin man gyaɗa da zuma a wuta, sai in gan ta zaune a kujera 'yar tsugunno, zani ɗaure a ƙirji, tana naɗa alkaki da yatsu, tana tsoma shi a ruwan suga, tana turo mini wanda ya karye. "Ci, Uwata, karyayye ba ya zuwa ɗakin amarya."

Mijinta, da nake ce wa Baffa, maɗinkin hannu ne. Manyan riguna yake yi wa aiki, a zaure yake wuni da allura da zare. Ina aji huɗu na firamare ya fara ramewa. Ruwa yake sha kamar raƙumi, butarsa ba ta hutawa, tururuwa na taruwa a inda ya yi fitsari. Aka ce sammu ne, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Gwaggo kuwa, ganin mijinta na zubewa, sai ta duƙufa ciyar da shi: fura da suga, kunu da zuma, alkakin da ya fi kowanne kyau shi take ajiye wa. Daga baya idonsa ya yi hazo har ya kasa zura zare a allura. Ƙaya ta soke shi a ƙafa, wurin ya ƙi warkewa. Lokacin da aka kai shi asibiti aka ce ciwon suga ne, ya riga ya ci jiki. Bai yi wata biyu ba ya rasu.

Da ta fita takaba muka dawo gidan Ƙofar Gayan. Sau ɗaya na ji ta yi maganar, ita da Umma mahaifiyata suna tsinkar zogale. Ta ce, "Shekara uku ina ɗura wa bawan Allah abin da ke cinsa, ni a ganina gata nake masa."

Umma ta ce, "Yaya, kwana ne ya ƙare."

Ta ce, "Na sani. Amma rashin sani ma ya sa hannunsa."

Daga nan ta shiga tambaya. Matan Fulani masu kawo nono, tsofaffin bakin kasuwa masu kasa sassaƙe da saiwoyi, wanzamai, duk wanda ta ji an ce ya san abin da ke sauke suga sai ta je ta zauna da shi. Kangon da ke bayan ɗakinta ta share ta mai da shi lambu. Garafuni ya bi katanga, ga shuwaka, ga zogale, ga dogon yaro guda da ta hana a sare. Hulba da kirfa a kasuwa take samu. A inuwa take shanya ganye, ba ta yarda rana ta taɓa shi ba, sannan ta daka, ta tankaɗe, ta jiƙa. Duk abin da za ta ba wani sai ta yi kwana uku tana sha da kanta. Ba ta yarda da masu cewa duk abu mai ɗaci maganin suga ne ba. Takan ce, "In da ɗaci ne magani, da maɗaciyar akuya ta tashi asibitoci." Alkaki kuwa ba ta daina gaba ɗaya ba, tana yi wa dangi in aure ya taso. Sai dai in ta san kana da ciwon, ka miƙa hannu, za ta buge shi ko kai waye.

Shekara biyu bayan Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnati, aka gwada shi aka ce shi ma yana da ciwon. A lokacin na yi aure a Tukur-Tukur, ina koyarwa a makarantar 'yan mata, amma kusan kullum nakan biyo gida. Likita ta rubuta masa ƙwaya. Gwaggo kuma ta ce ciwon nan ya ci mata miji, ba zai ci mata ƙane tana kallo ba. Kowace safiya, da ya dawo masallaci, tana tsaye a ƙofar ɗakinsa da ludayin jiƙon garafuni. Ya yamutsa fuska, ya shanye, ya ce, "Yaya, wannan ai azaba ce." Ta ce, "Ta kabari ta fi ta."

Wata Juma'a ya je walimar saukar karatu, labari ya zo mata cewa ya ci shinkafa ya ƙoshi. Washegari ta yi jiƙon da kauri, ta ba shi ludayi biyu a maimakon ɗaya. Ya haɗiyi ƙwayarsa a kai, bai tsaya karin kumallo ba, ya fita da ƙafa zuwa ɗaurin aure a wata unguwa mai ɗan nisa. Ina gidan ranar. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji ana cewa mata su gyara, sai ga shi an shigo da shi, mutum uku na riƙe. Gumi ya jiƙa babbar rigarsa sharkaf, hannuwansa na rawa, yana ta surutai marasa kan gado. Na kira shi, bai gane ni ba. Aka kwantar da shi a tabarma, Umma ta fasa kuka, ɗaya daga cikin waɗanda suka kawo shi ya ce, "Sugan ne ya hau."

Gwaggo ta ruga ɗaki ta fito da ƙwarya da ludayi. Ta durƙusa ta tallabi kansa, ta ɗebo, ta kai bakinsa.

Allah Ya sa maƙwabciyarmu, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ta ji kukan ta shigo ko mayafi babu. Ta taɓa goshinsa ta ji sanyi ƙalau, ga gumi. Ta ce, "Me ya ci yau?" Umma ta ce bai ci komai ba. "Ya sha ƙwaya?" Aka ce ya sha. Sai ta cafke hannun Gwaggo.

"Hajiya, ajiye ludayin nan. Ba hawa ya yi ba, sauka ya yi. In kika ƙara masa wannan, sai dai wani ba shi ba. A kawo zuma."

Gwaggo ta ce, "Zuma? Ga mai suga?"

"Zuma, yanzu-yanzu!"

Na ɗauko. Nas ɗin ta lakata da yatsa tana shafa masa a cikin kumatu. Muna tsaye cirko-cirko, ban san ko minti nawa ba ne, ni dai na ga kamar shekara. Can ya buɗe ido. Da ta tabbatar zai iya haɗiya ta ba shi ruwan suga a kofi, ta sa aka kawo abinci. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Me kuka taru a kaina haka? Ina hulata?"

Kowa ya yi hamdala, ban da Gwaggo. Ta miƙe ta shige ɗaki. Na bi ta, na same ta zaune a bakin gado, har yanzu ludayin na hannunta. Ta ce, "Uwata, wancan zaƙi na ɗura masa, wannan kuma saura ƙiris in ƙarasa shi da ɗaci. Duk kuma so ne ya sa." Ranar ba ta ci abinci ba.

Na ɗauka tumɓuke lambun za ta yi. Ranar Litinin da safe ma na gan ta ta shiga da lauje, ta daɗe a ciki. Sai ta fito da ganye kaɗan-kaɗan na kowane iri, ta ƙulle a ɗankwali, ta ce, "Raka ni wurin likitar Auta."

Likitar a lokacin yarinya ce, ba ta daɗe da fara aiki ba. Muka bi layi har ya zo kanmu. Gwaggo ta kwance ɗankwalin a kan tebur, ganye ya baje a kan takardu. Ta ce, "'Yata, ga abin da nake ba ƙanena. Shekaranjiya ya kusa mutuwa a hannuna. Ki gaya mini gaskiya. Guba ce in je in ƙone, ko magani ne ban iya ba?"

Ni na gama shirin jin faɗa. Amma likitar ta ɗauki ganyen ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sunansa da yadda ake haɗa shi. Da ta gama ji ta ce, "Hajiya, ba zan ce miki aikin banza kike yi ba. Masu bincike na tatso ruwan irin waɗannan ganyaye suna gwadawa, kuma akwai waɗanda aka ga suna sauke suga. Ana jin wasu na rage saurin shigarsa cikin jini bayan an ci abinci, wasu kuma na taimaka wa jiki ya yi amfani da shi. Sai dai yawanci a kan ɓeraye aka gwada, ba a kan mutane ba."

Gwaggo ta ce, "Ɓeraye? Su ma suna ciwon suga? To, alhakin hatsinmu ne."

Likitar ta yi dariya har da dafa tebur, sannan ta ce, "Inda gizo ke saƙar shi ne awo. Ƙwayar da na ba shi, na san abin da ke cikin kowace guda. Ganyenki kuwa na damina da na rani ba ƙarfinsu ɗaya ba, jiƙon yau ba na jiya ba ne. In aka haɗa shi da ƙwaya, ga ciki babu abinci, abin da kika gani shi zai faru. Ganyen ba ya raba mutum da ciwon, kuma ba zai tsaya a madadin ƙwaya ba. Wasu ma in an daɗe ana sha suna iya taɓa hanta ko ƙoda."

Gwaggo ta ce, "Ni ina da mudu na auna gari, ina da ludayi na auna ruwa. Abin da ke cikin jini fa, da me ake auna shi?"

Likitar ta jawo aljihun tebur ta fito da 'yar na'urar gwaji, ba ta kai tafin hannu ba. Ta soki yatsan Gwaggo ta ɗiga jini a kai, lamba ta fito. Kafin mu tashi sun daidaita: dogon yaro a daina ba shi, garafuni rabin ludayi bayan ya ci abinci, a riƙa gwadawa, duk abin da aka gani a zo a gaya mata. Yayana ya kawo irin na'urar daga Kaduna. Gwaggo ba ta yi boko ba, karatun allo ta yi, don haka da gawayi na rubuta mata lambobi a bangon ɗakinta. Cikin mako guda ta haddace su. Daga ranar ta kafa doka: wanda ba a gwada ba ba ta ba shi, wanda ya ajiye maganin asibiti ba ta ba shi, mai ciki ba ta ba ta. Likitar kuwa bayan wata guda ta zo ganin lambun da idonta, daga nan ƙafarta ba ta ɗauke daga gidanmu ba.

Baba kuwa wani karatu daban ya ɗauka daga abin da ya faru, ya ajiye a ransa har shekara uku. Da ya gaji da ƙwaya, wata rana da yamma muna zaune ya ce, "Yaya, ai kin gani da idonki. Ganyenki ya fi ƙwayar Bature ƙarfi, ludayi biyu ya kayar da ni. To me zai sa in yi ta haɗiyar ƙwaya har in mutu?"

Ta ce, "Auta, ranar da ka ajiye ƙwaya, ranar zan ajiye ludayi."

Ya ce, "Shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati, mutane na bin umarnina. Yanzu a cikin gidana za a riƙa kafa mini doka?"

Ta ce, "Gwamnati ce ta goya ka ko ni?"

Ya kaɗa riga ya fita. Ya ajiye ƙwaya, ita ma ta ajiye ludayi. Da ya ga da gaske take, sai ya koma wurin masu motar nan da ke talla da lasifika a bakin kasuwa, ya kawo wata jarka da aka ce masa tana raba mutum da suga cikin mako biyu. Na'urar gwaji ma ya ce kada a sake nufo shi da ita. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ban taɓa ganin irin wannan a gidanmu ba. Kusan wata biyu babu abin da ke haɗa su sai "Ina kwana, Yaya," ta ce "Lafiya," kowa ya wuce. Umma ta yi roƙo ta gaji. Ni na yi wa Gwaggo magana cewa ta ba shi ko kaɗan ne, ya fi na masu mota. Ta ce, "In na ba shi, na sa masa hannu ke nan. Ki bar ni, Uwata, ni na san abin da nake ji."

Ba ta magana da shi, amma idonta na kansa. Ita ta fara lura takunsa ya canza. Sannan ta ga ya koma sa safa a tsakiyar bazara, da zafin nan da ko riga mutum ba ya son sawa. Wata rana da la'asar sakaliya, zai fita, sai ya tarar ta shimfiɗa tabarma a ƙofar soron ciki ta miƙe ƙafa, ta tare hanya.

Ya ce, "Yaya, matsa in wuce, ana jirana."

Ta ce, "Cire safar nan."

"Ba komai ba ne, ɗan kanta ne na takalmi."

"Wallahi sai dai ka tsallake ni."

Ya tsaya. Duk fushinsa ba zai iya tsallake yayarsa ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna a dakali. Ita da kanta ta ja jiki ta zare safar. Ƙaramin yatsansa ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura, tun daga inda nake tsaye na ji warin. Na jira in ji ta ce ai ta gaya masa. Ba ta ce ba. Ta riƙe ƙafar da hannu biyu, ta ɗago kai ta ce mini, "Kira mijinki ya kawo mota."

Mako uku ya yi a asibiti. Aka yanke yatsan, Allah Ya tsare ƙafar, kuma likitoci sun ce da an ƙara 'yan kwanaki da labarin ya sha bamban. Kullum Gwaggo tana can tun safe, da kwanon tuwon dawa da miyar shuwaka. Ranar da za a sallame shi, muna tattara kaya, ya ce murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, ki yafe mini."

Ta miƙa masa kofin ruwa ta ce, "Sha ƙwayarka tukuna. Yafiya ba guduwa za ta yi ba."

Sun ƙara shekara goma sha biyar tare bayan wannan. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ta duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu. Ta rage wa gidan farar shinkafa, ta ƙara kwaɗon zogale da faten acha, yara na ƙunƙuni tana yi kamar ba ta ji ba. Masu ciwon suka riƙa zuwa daga unguwanni da ƙauyuka. Wanda ya zo daga nesa sai ya ci abinci kafin ta saurare shi, wanda kuma ta ga abinsa ya fi ƙarfin ganye takan sa mayafi ta raka shi asibiti da kanta. Ba zan ɓoye ba, harshenta na da kaifi. Ta sha ba mutane kunya a cikin taro, akwai 'yar'uwarmu da ta yi shekara ba ta taka gidan ba saboda maganar da ta yaɓa mata a kan ƙiba. Daga baya Gwaggon ce ta je har gida ta ba ta haƙuri, ko da yake ba ta janye maganar ba.

Ita kuwa ciwon bai taɓa kama ta ba. A ɗakinta, in ta saki labule, shayinta cokali uku na suga take zuba wa. Ranar da na kama ta ta ce, "Jiya na gwada, lafiyata lau. Ba zan yi azumin da ba a ɗora mini ba. Amma kada ki gaya wa Auta."

Tsufa ne ya kwantar da ita a farkon daminar nan. Mako uku ta yi a gado. Baba ya daina zaman ƙofar gida, ya dawo da kujerarsa bakin gadonta, yana yi mata karatu. Safiyar da za ta cika ta buɗe ido ta gan shi, ta ce, "Ka karya?" Ya ce ya karya. Ta ce, "To." Daga nan sai kalmar shahada, har rai ya yi halinsa.

Bayan addu'ar bakwai Baba ya ce in sa mijina ya kai mu dutsen Kufena. Akwai wani ganye guda da bai taɓa yarda ya kama a lambunta ba, duk damina can gindin dutse take zuwa ta tsinko, tana haɗawa kaɗan a jiƙonsa da sanin likita. Ya ce yana so ya ga inda take zuwa. Muka bar mota a bakin hanya muka taka a hankali, yana dogara sanda. Gari ya yi kore shar, kowace ciyawa ta yi kama da 'yar'uwarta. Ni a bushe na san ganyen, shi kuma a ludayi ya san shi. Muka yi ta dube-dube, babu wanda ya gane.

Wani dattijo da ke noma a gefe ya ɗago ya gaishe mu, ya ce ko wani abu muke nema. Baba ya kwatanta masa. Ya ce, "Na Hajiyar nan ta cikin birni? Ai bana ina ta zuba ido ban gan ta ba. Ba ta taɓa tsinkar ko ganye ɗaya a gefen gonar nan ba sai ta nemi izini, shekara da shekaru, ko da na ce mata na Allah ne." Muka gaya masa. Ya ajiye fartanya, ya yi salati, ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a. Sannan ya ja mu zuwa wani tsagin dutse ya nuna wani ɗan tsiro mai ƙananan ganye.

Baba ya miƙo mini sandar, ya durƙusa da ƙyar. Ya tsinki ganye ɗaya ya murtsuke a yatsu, ya kai hanci. Tun ranar rasuwar shi yake ba kowa haƙuri, ko a maƙabarta an ce idonsa a bushe yake. A nan na ga kafaɗunsa na rawa. Ya ce, "Haka hannun Yaya yake ƙamshi."

Dattijon ya ce ko a ɗebar mana. Baba ya girgiza kai ya ce, "A bar shi. Ba mu san awonsa ba." Muka kama shi ya miƙe, muka komo mota.

Allah Ka jiƙan Gwaggo, Ka yafe mata kaifin harshenta saboda taushin zuciyarta. Ka yalwata kabarinta, Ka haɗa ta da Baffa a inda babu ciwo, Ka shayar da ita daga tafkin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu da muka rage, Ka ba mu kyakkyawan ƙarshe. Amin.